Rijiya Ta Bayar, Bututu Ya Hana

A ƙarshen daminar bara, hotuna suka cika zauren WhatsApp na 'yan asalin wani gari da ke tsakanin Ƙanƙara da Faskari. Ga baƙin tanki bisa dogayen ƙarafa, ga farantan sola suna ƙyalli, ga dattawa sun jeru cikin manyan riguna, ga wata yarinya ta tara hannu ruwa na kwarara a tafinta. An mayar da tsohon famfon tuƙa-tuƙa na bakin kasuwa mai aiki da hasken rana, an ja ruwa zuwa wurare uku a cikin gari. Ina cikin waɗanda suka ba da gudummawa, kuma ni na rubuta ɗan bayanin da aka raba tare da hotunan, na zuba yabo iya iyawata.

Da na je garin a watan Afrilu, na tarar da kawunan famfo shida na gindin tanki suna tsiyaya kamar hawaye. Na unguwar tsakiya sai da hantsi suke ɗan kawowa. Na ƙarshen gari kuwa, inda 'yan gudun hijira suka fi yawa, wata dattijuwa ta ce mini tun ranar buɗewa ba su sake ganin ɗigo ba. Na tambayi inda tuƙa-tuƙan yake, aka nuna mini ƙarafansa a jingine a bayan wani shago. Mata da yara sun koma rafi, wanda yake bayan gari, a yankin da fita bayan gari ba abin wasa ba ne.

Babu wanda ya saci kuɗin nan. An sayo duk abin da aka ce za a sayo, har da rasit. Abin da ya kashe aikin shi ne abubuwan da ba wanda ya tambaya a kansu: ruwa nawa rijiyar ke iya bayarwa, wane faɗin bututu aka binne, kuma me zai hana famfon kusa shanye rabon na nesa. Ra'ayina shi ne, yawancin ayyukan mayar da rijiyoyin burtsatse zuwa sola da muke yi a kudancin Katsina muna yin su ne don ido, kuma mu da muka yi boko, masu tara kuɗin da masu sa hannu a takardun, muna da kaso babba a laifin.

Me ya sa kowa ya koma sola

Dalilin a fili yake, kuma mai kyau ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, rijiyar da ke dogara da janareta ta zama kaya a wuyan jama'a. Wutar lantarki kuwa ba abin dogaro ba ce a yawancin ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Sannan matsalar tsaro, wadda duniya ta ji labarinta da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disambar 2020, ta tura mutanen ƙauyuka da dama zuwa manyan garuruwa. Famfon da aka haƙa don unguwa ɗaya ya wayi gari yana shayar da unguwa uku. Duk wanda ya ga layin jarkoki tun asuba zai ce a sa inji, a ɗora tanki, a huta da tuƙi. Ban ga laifin wannan niyya ba. Rigimata da yadda ake aiwatar da ita ce.

Ƙasarmu a kan dutse take

Mu fara daga ƙarƙashin ƙasa. Kudancin Katsina ya fi arewacinta samun ruwan sama, shi ya sa mutane ke ɗauka ruwan ƙasa ma ya wadata. Amma yankin yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ake gani ya ɓullo fa-fa a gefen hanya. Farar ƙasar da aka san Ƙanƙara da ita ma daga ruɓewar irin wannan dutse take samuwa. Ruwa a irin wannan ƙasa ba ya kwanciya kamar tafki. Yana maƙalewa ne a cikin ruɓaɓɓen saman dutsen da kuma tsagogin da ke jikinsa. Rijiya biyu da ke tsakanin taku ɗari, ɗaya za ta iya dacewa da babbar tsaga, ɗayar ta samu 'yar siririya. Wannan ya bambanta da wasu sassan Sakkwato da Borno, inda ruwa ke kwance cikin yashi mai kauri.

Famfon tuƙa-tuƙa, irin su India Mark II da Afridev da suka cika ƙauyukanmu, yana jan abin da bai wuce lita 1,000 ba a awa, idan ana tuƙa shi ba tsayawa. Ga shi kuma ana hutawa tsakanin mai ɗiba da mai ɗiba, rijiya ta samu ta farfaɗo. Saboda haka rijiyar da ta shekara goma ba ta ƙafe da tuƙa-tuƙa ba, abin da ta tabbatar kawai shi ne tana iya ciyar da tuƙa-tuƙa. Ba ta yi wa kowa alkawarin ciyar da inji ba.

Mu ɗauki misali don lissafi. A ce rijiya na tsatso lita 1,000 a awa, aka zura mata injin nan da masu aiki ke kira sumo, mai jan lita 3,000. Bututun rijiya mai faɗin inci biyar yana ɗaukar kimanin lita 12 a kowace mita. Idan akwai mita 30 na ruwa a saman injin, ajiyar ba ta kai lita 400 ba. Injin zai shanye ta cikin 'yan mintoci goma sha, daga nan ya fara shaƙar iska. Shi kuwa sumo ruwan da yake ciki ne ke sanyaya shi. Idan ba a sa masa na'urar da ke kashe shi in ruwa ya yi ƙasa ba, yau da gobe sai ya ƙone. Sai a ce jabu aka sayo, a sake tara kuɗi a sayo wani, wani lokaci ma wanda ya fi na farko girma.

Maganin wannan sananne ne, kuma duk injiniyan ruwa ya san shi: gwajin jan ruwa. A sa inji a ja ruwa awanni masu yawa, galibi yini da kwana ko fiye, ana auna yadda ruwa ke sauka, sannan a kashe a auna yadda yake dawowa. Daga nan ake sanin girman injin da rijiya za ta iya ɗauka. Lokacin gwajin ma yana da muhimmanci. Rijiyar da aka gwada a watan Satumba, ƙasa na jiƙe, ba ita ce rijiyar watan Afrilu ba. Mu kuwa mun fi son buɗe aiki da kaka, lokacin da kowace rijiya ke da kunya.

Akwai wani lissafin da ya fi wannan ɗaci. Sola ba ta aiki da ƙarfinta sai kamar awa shida a yini, ƙurar hunturu kuma ta rage mata. Rijiya mai lita 1,000 a awa za ta tara kimanin lita 6,000 ke nan. Ƙa'idar Sphere, wadda ƙungiyoyin agaji na duniya ke aiki da ita, ta sa lita 15 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke buƙata a yini cikin halin gaggawa. Raba 6,000 gida 15, mutum 400 ne. Tuƙa-tuƙan da aka cire kuwa ana tuƙa shi daga asuba har bayan isha'i. Yana yiwuwa ƙwarai a kashe miliyoyi a kan rijiya, ta koma tana ba da ƙasa da abin da take bayarwa a da. Garin neman gira ke nan.

Abin da aka binne

A ce rijiyar mai ruwa ce, injin ma daidai. Saura ruwan ya tashi daga tanki ya isa ga mutane, kuma a nan ne ake yin ɓarnar da ba ta fitowa a hoto.

Ruwan tanki ba shi da wani ƙarfi sai na tsayinsa. Tankin da ke bisa mita shida, ƙarfin mita shida yake da shi, ko lita dubu yake ɗauka ko dubu goma. Girman tanki yana ƙara yawan ajiya, ba ya ƙara ƙarfin turi. Wannan ɗan ƙarfin shi ne jarin da ruwa zai yi guzuri da shi har ƙarshen layi, kuma a kowace mita yana biyan haraji saboda gogayyarsa da jikin bututu. Kowace gwiwa, kowane mahaɗi, kowane ɗan tudu, akwai abin da yake karɓa.

Injiniyoyi sun daɗe da auna wannan haraji. Henry Darcy, wanda ya jawo wa birnin Dijon na Faransa ruwa, ya wallafa bincikensa tun 1857, kuma a farkon ƙarni na 20 Amurkawa biyu, Hazen da Williams, suka fitar da lissafin da har yau ake amfani da shi. Abin da lissafin ke cewa yana da ban mamaki ga wanda bai saba ba. Idan aka rage faɗin bututu da rabi, aka ce ruwa iri ɗaya ya bi ta ciki, asarar ƙarfi tana ninkuwa kusan sau talatin.

Mu sauko da shi ƙasa. Ƙa'idar Sphere ta ɗauki kan famfo ɗaya a matsayin mai ba da lita 7.5 a minti, wato ya cika jarka mai lita 25 cikin minti uku da 'yan daƙiƙu. Kawuna shida na buƙatar lita 45 a minti. Idan aka tura wannan ta bututun roba mai faɗin inci ɗaya, zai yi asarar ƙarfin kusan mita goma a kowace tafiyar mita ɗari. Tankinmu mai mita shida ya karye ke nan kafin ruwa ya yi mita sittin. Idan bututun inci biyu ne, asarar ba ta kai rabin mita ba a kowace mita ɗari, ruwa zai yi tafiyar mita 500 ya isa da sauran ƙarfinsa. Tsakanin unguwar da ke sha da unguwar da ke kallo, inci ɗaya ne.

To me ya sa ake binne siririn? Domin ya fi araha, kuma da zarar an mayar da ƙasa ba mai sake ganinsa. Takardar kwangila ta ce a ja ruwa mita kaza, ba ta faɗi faɗi ba, ba ta faɗi kauri ba. Ɗan kwangilar da aka matse wa farashi zai nemi inda zai numfasa, ba zai rage tanki ba don kowa na ganinsa, ba zai rage farantai ba don ana ƙirga su. A bututu zai huce. Wani ma ba ya binnewa da zurfi, kurar 'yan ga-ruwa da babura su bi ta kai su fasa, inda ya fito fili kuma rana ta gasa robar har ta yi ƙamas ta tsage.

Na kusa ya sha, na nesa ya jira

Ko da bututu mai faɗi ne, ruwa ba shi da adalci. Hanya mafi sauƙi yake bi. Famfon da ke gindin tanki ko a gangare zai yi ta feshi, na kan tudu a ƙarshen layi ya samu saura, in akwai saura. Mutanen ƙasashen sanyi sun san wannan matsala a cikin gidajensu. A Ingila ko Jamus, idan aka sauya tukunyar ɗumama gida aka haɗa sabuwa da tsofaffin bututu, ɗakin da ke kusa da ita yakan yi zafi har a buɗe taga, na can ƙurya kuma ya kwana da sanyi. Mai gyaran da ya san aikinsa ba ya cewa a sayo babbar tukunya. Yana bin ɗakunan ne ɗaya bayan ɗaya, yana ɗan matse bawul ɗin na kusa har ruwan zafi ya isa na nesa. Dokar da ke aiki a can ita ke aiki a Sabuwa.

Kowane reshe na layin ruwa yana buƙatar bawul nasa, a cikin ɗan akwati mai makulli. Da shi ake rage wa na kusa don na nesa ya samu, da shi ake raba lokaci idan ruwa ya yi ƙaranci, wannan unguwa da safe, waccan da yamma. Da shi kuma ake rufe reshe ɗaya a gyara ba tare da an tsayar da gari duka ba. Tanki na buƙatar abin da zai tsayar da inji idan ya cika, don mun sha ganin tanki na ambaliya da azahar a garin da ake layin ruwa da magariba. Bututun da ke hawowa daga rijiya na buƙatar bawul mai hana ruwa komawa baya. Duk waɗannan, a haɗa kuɗinsu, ba su kai na rumfa da kujeru da abincin bikin buɗewa ba a wurare da yawa.

Sannan akwai mu. Da zarar an ja layi ta ƙofar gidan mai hali, sai ya kira mai gyaran famfo da dare a huda a ja masa zuwa tankin gidansa. Asarar ƙarfi kuwa tana tashi ne fiye da yadda ɗiba ke tashi: a ninka ruwan da ke bin bututu sau biyu, asarar ta ninku fiye da sau uku da rabi. Gida biyar da suka huda layi sun isa su busar da unguwa guda. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Bututun da babu ruwa a ciki ma ba zaune yake lafiya ba. Muddin yana cike da matsi, ruwa ne ke fita ta inda ya tsage. Idan ya zama fanko, abin da ke waje ne ke shiga, kuma layukanmu da yawa ta gefen kwata suke bi. A shekarar 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Katsina na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Wanda ya tuna wannan shekarar ba zai ɗauki zancen yoyon bututu ƙaramin zance ba.

Uzurorin da na sha ji

Na farko, da babu gara ba daɗi. Wannan gaskiya ne idan da can babu ɗin ne. Amma a aikin da nake magana a kai akwai tuƙa-tuƙa mai aiki, aka cire shi. Wanda ya karɓe maka tuwo ya ba ka hoton nama bai taimake ka ba.

Na biyu, kuɗi ba su isa ba. Idan kuɗi ba su isa a ja ruwa unguwa uku da bututun kirki ba, a ja unguwa ɗaya, ko a tsaya a gindin tanki a yi kawuna masu kyau, a bar mahaɗi a rufe don gaba. Ƙaramin aikin da ke ba da ruwa shekara goma ya fi babban da ya mutu kafin azumi. Kuma a yi lissafi da gaskiya: injin da ya ƙone sau biyu ya ci kuɗin gwajin da aka ce babu.

Na uku shi ne mafi nauyi, kuma ba zan raina shi ba: ƙwararru ba sa son zuwa waɗannan wurare saboda tsaro, kuma gwajin da ke buƙatar kwana a bakin rijiya ba ƙaramin abu ba ne a wasu ƙauyukan Faskari ko Sabuwa. Haka ne. Amma wannan hujja ce ta a ƙara kulawa. Inda mai gyara zai iya zuwa daga Funtuwa cikin awa ɗaya, kuskure na gyaruwa. Inda zai yi wata uku bai samu hanya ba, dole aikin ya zama daidai tun farko, ya zama mai sauƙi, kuma a bar wa mutane abin da za su koma kansa ranar da inji ya tsaya. Akwai rijiyoyin da za a iya bar musu tuƙa-tuƙa tare da inji. Inda hakan bai yiwu ba, a bar tsohuwar rijiya yadda take, a haƙa wa sola tata. Sannan tukunna ma a tambaya: motar haƙa da ma'aikatanta suna isa wurin, motar da ta kai tanki ta isa, tawagar buɗewa ta isa. Mai awo ne kaɗai hanya ke gagara?

Tambayoyi shida kafin ka tura kuɗi

A watan Nuwamban 2018 gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwan sha da tsafta. Jihar Katsina na da hukumar samar da ruwa da tsaftar muhalli a karkara, wato RUWASSA, kuma kowace ƙaramar hukuma na da sashen ayyuka. Ba ilimin ne babu a ƙasar ba. Amma rijiyoyi da yawa a yau ba ta hannun hukuma suke bi ba. Ƙungiyoyin ci gaban gari ne, da 'yan siyasa, da 'ya'yan da ke son yi wa iyayensu sadaka mai gudana. Ma'ana mu ne: likitan da ke Abuja, malamar jami'a da ke Zariya, ma'aikacin banki da ke Kano. Mutumin da ba zai sayi mota ba sai ya kai ta wurin bakanike, shi ne zai tura rabin albashinsa a kan rijiya bai nemi ganin takarda ko ɗaya ba.

Ba sai ka zama injiniya ba. Ka tambaya kawai. Ina sakamakon gwajin jan ruwa, kuma a wane wata aka yi shi? Lita nawa injin ke ja a awa, kuma ya yi ƙasa da abin da rijiyar ke bayarwa? Mutum nawa ake sa ran za su sha, an ƙirga da baƙin da suka yi hijira? Inci nawa ne babban bututu, kuma wa zai tsaya ya gani da idonsa kafin a rufe rami? Bawul nawa ne, a ina suke, makullinsu na hannun wa? Ranar da inji ya tsaya, ina mutane za su ɗebi ruwa, kuma da wane kuɗi za a gyara?

Sai kuma sharaɗi ɗaya da nake roƙon kowace ƙungiya ta rubuta a yarjejeniyarta: kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa ranar buɗewa. A riƙe wani kaso sai bazara ta tsaya. A ranar biya, a buɗe dukkan kawunan famfo lokaci guda, a je na ƙarshen layi da jarka da agogo. In ta cika cikin minti huɗu ko biyar, a biya shi har da godiya. In ba ta cika ba, ya san inda ya binne matsalar.

A garin da na ba ku labari, mun sake zama bayan sallah. An kira wanda ya auna rijiyar, ya ce ba za ta iya ɗaukar unguwa uku ba ko da wane irin inji. An sauya sumo da ƙarami, an rufe layin tsakiya, an tone na ƙarshen gari ana sa bututun inci biyu, tuƙa-tuƙan kuma ana neman inda za a haƙa masa sabuwar rijiya. Kuɗin gyaran sun kusa rabin na aikin farko, kuma a wannan karon tara su ya yi wuya, domin babu hoton da za a tura. Na ba da nawa, na kuma roƙi a goge bayanin yabon da na rubuta bara.